Mun tono tukunya a wajen haƙar fandisho, mu fasa ta?

Tambaya: Malam, ina gini a wani fili kusa da Goron Dutse. Leburori sun kai kamar ƙafa biyar sai suka ci karo da wata tsohuwar tukunya a kife, ga gawayi da kashin maƙera a kewaye da ita. Wani mai duba ya ce dukiyar aljanu ce, sai an yi yanka a fasa ta da dare. Wasu kuma sun ce in na sanar da hukuma za a ƙwace filin. Na rasa ta cewa.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai ka tsayar da diga da shebur a wannan kusurwar, a ci gaba da aiki a wani ɓangaren.

Kashin maƙera da gawayi a wannan yankin ba abin mamaki ba ne. Binciken da aka yi a Dutsen Dala ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya, tun kafin zuwan Bagauda. Mai yiwuwa ka faɗa kan wurin aikin maƙera ne.

Zancen zinare kuwa, wallahi ya ishe mu. Kullum shi ne: tukunya a ƙasa, sai a ce dukiya, sai boka ya karɓi kuɗin rago, a fasa da dare, a tarar da ƙasa da toka, kowa ya watse. An yi asarar rago, an kuma hallaka abin da ba ya gyaruwa. Mutane sun ɗauka darajar tana cikin tukunyar. Mu masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, a wurinmu tana ga inda aka same ta: zurfinta, launin ƙasar da ke samanta da ƙarƙashinta, da abin da ke kwance kusa da ita. Wannan gawayin da lebura yake sharewa da ƙafa, shi ake kaiwa ɗakin gwaji a auna sinadarin kabon-14 a san shekarun wurin. Ƙasar da ke cikin tukunyar kuma ana tace ta da ruwa a sami ƙonannun ƙwayoyin gero, a gane abin da mutanen suke ci. Da zarar an ciro tukunyar an wanke ta da omo, duk wannan ya tafi. Haka masu haƙar sata suka yi wa kufan Nok a kudancin Kaduna da Kwatarkwashi a Zamfara: an kwashe mutum-mutumin yumɓu an sayar waje, an bar ramuka. Ka kwatanta da kwalekwalen Dufuna a Yobe, wanda wani makiyayi ya gano yana haƙa rijiya a 1987. Da aka sanar, masana suka tono shi a tsanake, aka gano ya kai shekara 8,000.

Ga abin yi. Ka ɗauki hoto daga sama da kuma ta gefen ramin, da awon tela a shimfiɗe kusa da tukunyar. Ka auna zurfinta daga doron ƙasa ka rubuta. Kada a jijjiga ta, kada a zazzage cikinta. Gawayin a bar shi inda yake, kada a zuba masa ruwa, kada tokar sigari ko man inji su taɓa shi, domin suna ɓata gwajin. Tsingaron da aka riga aka fitar a zuba a leda guda ba tare da wankewa ba. A rufe wurin da tamfol, a bi da yashi kaɗan saboda ruwa da yara.

Sannan ka je Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, da hotunan. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa ba izini da sayar da irin waɗannan kaya ga dillalai, don haka mai zuwa maka da tayi matsala zai jawo maka. Sanarwa kuma ba ta mayar da fili na gwamnati. Yawanci a auna, a zana, a kwashe, ka ci gaba da gininka. Na san ofis yakan yi nawa, shi ya sa nake cewa ka kai takarda a rubuce, a buga maka hatimin karɓa, ka kuma aika hotunan sashen da ke wannan bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.