Zan canza ƙofar garejina zuwa mai rimot: me zan duba kafin in biya kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙofar garejina ta tsufa. Irin falle ɗaya ce da ake turawa sama da hannu, yanzu kuwa sai mutum ya yi nishi kafin ta tashi. Ina so in sa sabuwa mai rimot. Garejin manne yake da gidan, kuma akwai ɗakin kwana a samansa. Me ya kamata in lura da shi? Zan iya barin tsofaffin ƙarafunan da ke jikin bango don in rage kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar launi da ado tukuna, ɗauko tef ɗin awo. Yawancin ƙofofin da ke ba da wahala bayan an kafa su, tun wurin awo aka kuskure.

Auna faɗin buɗin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, haka tsayinsa ta hagu da dama, domin gini ba kasafai yake miƙewa sak ba. Bayan wannan akwai awo uku da mutane ke mantawa. Na farko, tazarar da ke tsakanin ƙasan linta da silin. Ƙofa mai falle-falle, wadda ke hawa layin ƙarfe ta kwanta ƙarƙashin silin, tana son kimanin santimita 30 a nan, a ƙara biyar zuwa takwas idan za a rataye injin da ke buɗe ta da rimot. Akwai layi na musamman da ake yi wa gareji mai gajeren sama, amma dole a faɗa tun lokacin oda. Na biyu, gefe da gefe, kimanin santimita 10 kowane ɓangare inda layin zai zauna. Na uku, zurfin garejin: tsayin ƙofar da ƙarin santimita 45, in da inji kuwa ƙarin ya kai mita ɗaya da ɗoriya. Ka ɗaga kai ka duba ko bututun ruwa, fitila ko bim ya gitta wannan hanya. Idan silin a cunkushe yake, ƙofa mai naɗi ta fi dacewa, domin tana naɗewa ne cikin akwati bisa linta, akwatin da ke cin santimita 20 zuwa 30.

Ka auna motar ma, har da abin ɗora kaya na samanta idan akwai. Ƙofar da ta buɗe gaba ɗaya takan ɗan leƙo ƙasa da linta, sai tsayin shiga ya ragu da 'yan santimita.

Nishin da ka ce kana yi shi ne ya kawo mu ga babbar magana. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin ƙofar gareji. Inji aikinsa kawai ya ja ta ya tura ta. Ƙofar ƙarfe mai faɗin mota biyu takan wuce kilo 70, mai rufi biyu ko ta katako ta haura 100, amma idan sifirin ya dace da ita, da hannu ɗaya za a ɗaga ta. Taka ta yi nauyi ne domin sifirinta ya gaji. Wanda ya ɗaura wa irin wannan ƙofa inji, to ya ɗora masa kayan da ba nasa ba, haƙoran giyarsa za su cinye cikin ɗan lokaci.

Sifirin iri biyu ne. Akwai mai murɗawa, wanda ke kan sandar ƙarfe a saman ƙofa, yana juya ganguna biyu da ke naɗe igiyoyin ƙarfe. Akwai kuma mai miƙewa, guda biyu a gefe. Mai murɗawa ya fi tafiya sumul, ya fi aminci. Idan mai miƙewa za a sa, lallai a zura igiyar tsaro ta cikinsa, domin in ya tsinke ba tare da ita ba zai yi tsalle kamar harsashi. Sifirin na yau da kullum an yi shi ne don buɗewa da rufewa sau 10,000. In ana buɗe ƙofar sau huɗu a rana, shekara bakwai ke nan ba kaɗan. Gidan da gareji ya zama hanyar shiga da fita, gara a nemi mai 20,000 ko fiye tun farko. Kada kuma ka taɓa kwance sifirin mai murɗawa da kanka, ko ƙarfen da ke riƙe igiya a kusurwar ƙasan ƙofa. Ƙarfin da ke ɗaure a wurin ya isa ya karya yatsu ko haƙarƙari. Wannan aikin gwani ne mai sandunan murɗawa na musamman, ba a yin sa da sukundireba.

Game da barin tsofaffin ƙarafuna, a'a. Ƙofa da layinta da sifirinta da tayoyinta tare ake ƙera su, an lissafa kowanne da nauyin ɗan'uwansa. Balle ma taka falle ɗaya ce, hannuwan da ke ɗaga ta ba su da abin yi a jikin mai falle-falle. Abin da ya cancanci dubawa shi ne bangon da kansa: linta ba tsagewa, katakon firam bai ruɓe ba, gara ba ta ci shi ba, kuma wurin da za a ɗaure tsakiyar sandar sifirin yana da ƙwari, domin duk ƙarfin murɗin a nan yake tarewa.

Ɗakin da ke saman garejin ya sauƙaƙa maka zaɓi biyu. Ka ɗauki ƙofa mai rufi biyu da kumfa a tsakiya, kauri santimita huɗu ko kusa da haka. Kumfar foliyuretan da ake hurawa ciki tana manne wa ƙarfen, don haka ta fi fallen kumfar da ake sakawa kawai tare zafi da sanyi, ta kuma ƙara wa ƙofar ƙwari, ta rage ƙara. Sannan ka ɗauki inji mai bel maimakon mai sarƙa, da tayoyin nailan masu boris maimakon na ƙarfe. Mai sarƙa yana da ƙarko, sai dai mai barci a sama zai san duk lokacin da aka dawo gida. Akwai ma injin da ake kafawa a bango gefen sandar sifirin, wanda ba ya taɓa silin sam. Kumfa kuwa ba ta da amfani idan iska na shiga ta gefe, saboda haka a sa roba a ƙasa, a gefe biyu da sama. Ka ɗora ma'aunin ruwa a daɓen bakin ƙofa. In ɓangare ɗaya ya fi ɗaya gangara da fiye da santimita biyu, robar ƙasa ba za ta toshe ba, sai a gyara daɓen kafin ƙofar ta iso, in ba haka ba ruwa da ƙura da ɓera sun sami hanya. Da yake ƙofar za ta rufe ruf, kada a bar mota ko janareta a kunne a ciki, hayaƙinsu na kisa ne kuma yana bin tsaga ya hau ɗakin sama.

Kaurin ƙarfe kuma lambarsa a juye take: geji 24 ya fi geji 26 kauri. Alminiyam ba ya tsatsa amma yana saurin loɓawa. Katako ya fi kyan gani, sai dai ya fi nauyi kuma yana son fenti a kai a kai. Inda ake iska mai ƙarfi, ƙofa mai faɗi tana buƙatar ƙarafunan ƙarfafawa a bayanta, su ma a sa nauyinsu cikin lissafin sifirin.

Kada ka karɓi injin da ba shi da idanu biyu masu haske a ƙasan layi, waɗanda ke mayar da ƙofa sama idan yaro ko dabba ta gitta. A Amurka tun 1993 doka ta wajabta irin wannan kariya a sababbin injuna, kuma ana kafa idanun ne ƙasa da santimita 15 daga daɓe. Rimot ya zama mai canza lambar sirri duk dannawa, don kada a kwafe ta. Ka nemi inji mai batirin ko-ta-kwana. Jihar Kalifoniya ta wajabta shi daga Yulin 2019, bayan gobarar dajin 2017 inda wutar lantarki ta ɗauke, mutane suka kasa fitar da motocinsu. Idan garejin ba shi da wata ƙofar shiga, a sa makullin da ke sakin injin daga waje.

Ranar da aka gama aiki, kafin mai kafawa ya tafi, ku yi gwaji biyu tare. Ƙofa na rufe, ja jar igiyar nan da ke raba ta da inji, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi ka saki. Ya kamata ta tsaya cak. In ta zame ƙasa ko ta yi sama da gudu, sifirin bai daidaita ba. Sai ka mayar da injin, ka shimfiɗa katako mai kaurin santimita huɗu a daɓe inda ƙofar ke sauka, ka danna rimot. Tana taɓa shi ta koma sama. In ta ci gaba da danna shi, a sake saitin nan take.

Ka karɓi garanti a rubuce, ka karanta shi da kyau, domin sau da yawa na falle daban, na sifirin daban, na inji daban. Bayan haka, sau biyu a shekara a fesa man silikon ko farin giris a hinjoji, boris da sifirin. Cikin layin kuwa tsumma kawai yake so, giris a wurin ƙura yake tarawa har tayoyin su riƙa ja maimakon juyawa.