Daga Kano Zuwa Ghana a Babur Bayan Ritaya

Alhaji, kun ce kun ajiye aiki, kuna son hawa babur daga Kano har Ghana, ko zai yiwu? Zai yiwu, amma ba da ƙaramin babur irin na acaɓa ba.

Ni dai ba zan ce ku bi ta Nijar da Burkina Faso ba. Sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma matsalar tsaro. Ku gangara Legas, wajen kilomita 1,000, ku ƙetare ta Seme, iyakar Najeriya da Benin, zuwa Kwatano, Lome, sannan Akara. Ba a neman biza, sai fasfo, katin rigakafin shawara, takardun babur da Brown Card, wato inshorar abin hawa ta ƙasashen ECOWAS. Kuɗi kuwa, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana.

Abin da ya fi damuna jikinku ne. Ƙugu da wuyan hannu ke fara ƙorafi tun kafin Zariya ta ɓace a madubi. A fara duba hawan jini da idanu, kada a wuce kilomita 300 a rana, kuma in an kira Magariba a sauka. Ku gwada zuwa Katsina ku dawo tukuna.

Hajiya ta san da maganar nan kuwa?