Tambaya da Amsa: Harafin baƙi a rubutun Japan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Japananci a waya, na iso kan harafin 黒, mai nufin baƙi. Kullum sai na manta tsarinsa, kuma wani wuri a karanta shi kuro, wani wuri koku. Yaya zan riƙe shi? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan harafi yana cikin waɗanda na fi so, don haka ki yi haƙuri in na ɗan daɗe a kansa.

Fara duban sa daga ƙasa. Ɗigon nan huɗu wuta ce. Wani tsohon ƙamus na Sin, wanda aka rubuta wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya fassara harafin da cewa wuta ce ke ci, hayaƙinta na fita ta taga yana baƙanta ta. Masana na baya sun kawo wata fassarar daban, amma wannan ce ta zauna mini a kai. Tuna madafi na ƙauye, murhu a ƙasa, kunkunniya ta lulluɓe rufi. Shi ke nan kin ga 黒.

Ja 11 ne na alƙalami. Bakwai na farko su ne 里 da ke sama: ki gama akwatin da layinsa na tsakiya, ki sauko da doguwar sanda ta ratsa shi, sannan layi biyu a kwance, na ƙasa ya fi tsawo. Sai ɗigo huɗu daga hagu zuwa dama. Na farko ya karkata hagu, sauran dama. Yaran Japan a aji biyu na firamare suke koyonsa. In kin ga 黑 a rubutun Sinawa kada ki rikice, tsohuwar siffarsa ce, mai ja 12.

Batun karatu biyu kuwa, kuro kalmar Japanawa ce ta asali, koku kuma furucin da ya zo tare da harafin daga Sin. Shi kaɗai kuro ne, ko kuroi in ana siffanta abu. Koku ya fi fitowa in an haɗa shi da wani harafi, kamar 黒板, kokuban, wato allon aji. Amma kada ki ɗauki wannan doka ce, domin baƙar ɗamarar 'yan judo kuro-obi ce, 黒字 kuma kuroji, wato riba a lissafin kasuwa, kishiyar akaji, jan rubutu, asara. Ni shawarata ki daina haddace furucin tsirara, ki haddace kalmomin ɗungurungum.

Wani abu da ya burge ni: ki sa 土, ƙasa, a ƙarƙashin 黒, sai ya zama 墨, sumi, tawadar Japanawa. Da baƙin hayaƙin itacen fayin ko na mai ake yin ta, a cuɗa da danƙon fatar dabba, kuma birnin Nara na Japan ya yi suna a kanta. Duk wanda ya taɓa ganin ana dama gawayi da ƙaro a makarantar allo zai gane dabarar nan take. In kina da tawada da alƙalamin kara a gida, ki gwada rubuta shi da su sau goma a daren nan, kina furta kuro duk sa'ad da kika ɗiga wutar.