Abin da Ya Kamata Ka Rubuta wa Bajapane Mai Koyon Hirar Turanci

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta takardar darasin da ka ajiye mini tare da tambayarka. Ka ce ka tsara wa ɗalibanka jimloli hamsin na hirar yau da kullum, kowace da fassararta ta Japananci da yadda ake furta ta a rubutun katakana, wato haruffan da Japanawa suke rubuta kalmomin aro da su, sun kuwa haddace su tsaf kamar karatun allo, amma da ka yi wa ɗaya daga cikinsu tambayar da ba ta cikin takardar, sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Kana so ka san ko laifin ɗaliban ne ko na takardar, da kuma abin da ya dace mai koyarwa ya rubuta a cikinta. Laifin na takardar ne, kuma kada hakan ya dame ka, domin ni ma irinta na riƙa rubutawa a shekarata ta farko a birnin Osaka na Japan, har sai da ɗalibai suka koya mini aikin da na zo koya musu.

Ka fara da sanin wanda ke zaune a gabanka. Ma'aikacin da ya taso daga ofis da daddare ya shigo ajin hira, wanda su suke kira eikaiwa, ya riga ya yi aƙalla shekara shida yana karatun Turanci a sakandare, yaran yanzu kuwa tun daga 2020 darasi ne cikakke a gare su daga aji biyar na firamare. Ya san sigogin jimla biyar da ake koyarwa a makarantunsu, ya san nahawu fiye da yadda kake zato, domin an tarbiyyantar da shi a kan hanyar da ake kira yakudoku, wato a ɗauki jimla a warware ta a mayar da ita Japananci kalma bayan kalma, hanyar da ta samo asali daga yadda magabatansu suke karanta littattafan Sinanci. Jarrabawar gwada iya Turanci ta TOEIC, wadda aka fara yi a Japan a 1979 kuma kamfanoni da yawa suke duba makinta wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, nau'inta da aka fi zama sauraro ne da karatu, ba a buɗe baki a cikinsa. Saboda haka mutumin nan ba jimloli ya rasa ba, kantunan littattafai cike suke da su. Abin da ya rasa shi ne wanda zai nuna masa daidai wurin da harshen uwarsa yake janye masa Turancinsa, kuma wannan shi ne aikin takardarka.

A nan ne kasancewarka Bahaushe take da amfanin da ba ka lura da shi ba. Dubi batun katakana da ka cika takardarka da shi. Japananci, kamar Hausa, ba ya son baƙaƙe su cunkushe ba wasali a tsakaninsu, kuma ba ya son kalma ta ƙare da baƙi in ban da "n". Mun ari kalmar Turanci mun ce benci, su ma sun ce benchi. Mun ce buroshi, sun ce burashi. Mun ce birki da bokiti da teburi, sun ce bureeki da baketsu da teeburu. Kalmar "strike", wadda gaɓa ɗaya ce a bakin Bature, ta zama sutoraiku a bakinsu, bugu biyar cif. Duk lokacin da ka rubuta wa ɗalibi furuci da katakana bisa bin haruffan kalma, ka ba shi izini ne ya cusa waɗannan wasulan, kuma zai fita waje ya faɗi abin da shi kaɗai da 'yan ƙasarsa za su gane. Ka tuna wahalar da muka sha kafin mu raba "p" da "f" a firamare. Irinta suke sha da "l" da "r", da "b" da "v", kuma katakana ba shi da hanyar raba na farkon ko kaɗan.

Ba na cewa ka haramta shi baki ɗaya, domin akwai dattawan ɗalibai da ba za su iya taka mataki ɗaya ba sai da shi. Amma idan ya zama dole, ka bi kunne, kada ka bi ido. Nakahama Manjiro, masuncin nan da jirgin Amurkawa masu farautar manyan kifaye ya ceto daga wani tsibiri a teku a 1841, ya zauna a Amurka ya dawo gida bayan shekara goma, da ya rubuta littafin hirar Turanci a 1859, abin da kunnensa ya ji ya rubuta da katakana, ba abin da haruffa suka nuna ba. Har yau Japanawa suna da wani barkwanci, wai idan ka faɗi "hotta imo ijiru na" da sauri, wato kada ka taɓa dankalin da aka haƙo, Ba'amurke zai duba agogo ya gaya maka lokaci, domin ya ji kamar "What time is it now?" Wasa ne, amma akwai gaskiya a ciki: amon jimla gaba ɗayanta, da inda murya take nauyi, ya fi kowane harafi muhimmanci. Don haka a takardata nakan ja layi ƙarƙashin gaɓar da ake dannawa, in bar sauran ga baki da kunne a cikin aji.

Abu na biyu da nake so ka ba shi shafi guda shi kaɗai shi ne amsa tambayar korewa. Idan aka tambayi Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" zai ce, "I, ban ci ba." Bajapane ma haka yake yi da "hai" ɗinsa, wato "i", yana gaskata maganar mai tambaya ne. Bature kuwa ba ruwansa da yadda aka juya tambayar: idan bai ci ba "no" zai ce, idan ya ci "yes". Na taɓa ganin wata ɗaliba da baƙo ya tambaya ko ba ta damu ba ya buɗe taga, da lafazin "Do you mind", ta yi murmushi ta ce "yes" tana nufin bismilla, bawan Allah ya janye hannunsa ya koma ya zauna cikin zafi. Malamin da aka haifa da Turanci yakan gyara wannan kuskure sau goma bai san daga ina yake fitowa ba, kai kuwa ka sani, domin ka yi shi da bakinka. Ka koya musu su riƙa cika amsar, "No, I didn't", har kunnensu ya saba da cewa "no" da "not" tare suke tafiya.

Haka batun gaisuwa da ban haƙuri yake. Kalmarsu ta sumimasen tana ɗaukar neman afuwa da neman hanya da godiya duka, shi ya sa za ka miƙa wa ɗalibi kyauta ya ce maka "I'm sorry", kamar yadda mu muke fassara sannu da "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe, Bature ya tsaya yana mamakin laifin da muka yi masa. Suna da otsukaresama, wadda ba ta da maraba da sannu da aiki, kuma suna da yoroshiku onegaishimasu da ake faɗa wa wanda za a fara hulɗa da shi. Ɗalibanka za su matsa maka ka ba su Turancin waɗannan, kuma jarrabawar da ke gabanka ita ce ka daure ka gaya musu babu. Abin da za ka rubuta shi ne abin da Bature yake faɗa a wannan gurbin: idan an tashi daga aiki ya ce "See you tomorrow", idan an gabatar da shi ga baƙo ya ce "Nice to meet you". Takarda mai kyau daga yanayi take farawa ta nemo jimla, taka kuwa daga jimlar Japananci ta fara tana neman takwararta.

A nahawu kada ka sake koya musu abin da suka sani. Ka zaɓi wuraren da ginin harshensu ya saɓa. Ba su da "a" da "the", kuma suna ba ya sauya siga tsakanin tilo da jam'i. Dogon bayani ba ya magance wannan, amma tatsuniya tana yi. Mu mukan ce wani tsoho ya zo, sa'an nan mu ce tsohon ya zauna. Su ma a farkon tatsuniyarsu sukan gabatar da tsoho da 'yar kalmar "ga" a bayan sunan, daga baya su ci gaba da ambatonsa da "wa". Ka nuna musu cewa sabon shigowa cikin zance shi ne mai "a", wanda aka riga aka sani shi ne mai "the", za ka ga fuskokinsu sun washe, ko da yake ƙa'idar ba ta rufe kowane lungu ba. Wannan "wa" ɗin kuma shi ne yake sa ɗalibi ya zauna a gidan shayi ya ce "I am coffee", domin a harshensa daidai ne, kamar yadda mu muke ce wa mai shayi ni shayi, shi kuma koko. Sigarsu ta "te iru" tana ɗaukar aikin da ake cikin yi da halin da aka tabbata a kai, shi ya sa mai aure zai ce "I am marrying", wanda ya san abu ya ce "I am knowing". Idan kuma aka kira Bajapane daga ɗaki, da aikatau na tafiya yake amsawa, sai ya ce "I'm going" inda mu da Bature muke cewa ina zuwa.

Ka ware gefe guda ga kalmomin da suke zaton Turanci ne. Manshon a wurinsu gida ne a cikin dogon bene mai ɗakuna da yawa, amma wanda ya gaya wa Bature yana zaune a "mansion" ya ce masa yana da katafaren gida irin na attajirai. Konsento soket ne na wutar lantarki. Baikingu shi ne abincin da ake jerawa kowa ya ɗiba da kansa, sunan kuwa ya fito ne daga wani ɗakin cin abinci da otal ɗin Imperial na Tokyo ya buɗe a 1958. Arubaito, aikin wucin gadi, daga Jamusanci yake, pan kuma, wato burodi, daga harshen Fotugal. Uku ko huɗu a mako sun isa, kuma ɗalibai suna jin daɗinsu.

Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne ladabi, domin mutanen da suka fi kowa kiyaye shi a harshensu sukan zama masu kaushi a Turanci ba da saninsu ba. An koya musu cewa "please" daidai take da kudasai, kalmarsu ta roƙo, sai su liƙa ta a gaban umarni su ɗauka sun yi roƙo, alhali "Could you" ce take yin wannan aikin. An fassara musu "had better" da lafazin shawara mai taushi, alhali a kunnen Bature gargaɗi ne mai ɗauke da in ba haka ba. A ɗaya gefen kuma, idan Bajapane ya ce abu yana da wuya, ko ya ce zai yi tunani, sau da yawa a'a yake nufi cikin kunya irin wadda mu ma muka sani, Bature kuwa zai tafi yana jiran amsa. Ka rubuta musu hanyar ƙi mai laushi amma bayyananniya, irin "I'm afraid I can't", ka sa su maimaita ta har nauyinta ya bar bakinsu.

Shirun da ɗalibinka ya yi kuwa, ba rashin sani ba ne. Yana gina jimla ne a zuci, yana duba ta kamar mai amsa jarrabawa, domin kuskure a gaban jama'a ya fi masa ciwo fiye da shiru. Abin da ya kamata ya zo a saman takardar farko, kafin kowace gaisuwa, shi ne abin riƙe zance: "Let me think", "Could you say that again?", "How do you say this in English?" Ka kuma faɗa musu cewa "hai, hai" da suke jerawa yayin sauraro, irin namu na'am da to, idan suka mayar da shi "yes, yes" mai magana zai ɗauka sun amince da abin da ya faɗa, don haka "I see" ta fi aminci.

Ka koma ka rage hamsin ɗin nan. Ka ɗauki yanayi guda, misali baƙo ya tsayar da mutum a tashar Umeda ta Osaka yana tambayar jirgin Kyoto, ka rubuta jimla huɗu ko biyar da za a bukata, ƙarƙashin kowace ka sa kuskuren da ka ji da kunnenka a ajinka da dalilinsa a layi ɗaya, ka bar rabin shafin fari domin ɗalibi ya rubuta tasa amsar. Ka riƙa shiga aji da ɗan littafi a aljihu kana rubuta kurakuran da suka maimaitu, domin daga cikinsa takardar mako mai zuwa za ta fito. Ka kawo mini sabuwar ranar Alhamis kafin ajin ƙarfe bakwai mu duba ta tare, kuma ka zo da littafin aljihun.