Tambayi Mai Gyara: Rediyon Baba Ya Koma Shuuu

Assalamu alaikum Malam. Na gaji wani babban rediyo ƙirar Japan daga mahaifina, irin mai allura da fitila a fuska. In na jona masa waƙa daga waya ta AUX, sauti garau. Amma FM sai shuuu, jar fitilar STEREO ta daina kamawa, in ina murɗa neman tasha kuma yana ƙarar-ƙarar. AM kuwa da dare sai gunji. Wani mai gyara ya ce zai buɗe ya "saita" shi. In ba shi?
Daga mai karatu, Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Baba. Kada ka ba shi tukuna.

Tunda AUX na fita garau, amfilifaya da sifiku lafiyarsu lau. Ciwon yana ɓangaren kamo tasha, kuma sau da yawa ma a wajen akwatin yake. Kamo tashar Freedom a 92.9 ko Supreme a 96.1, ka danna maɓallin MONO. In shuuu ɗin ya ragu sosai, sigina ce ba ta isa ba, domin sitiriyo yana buƙatar sigina mai ƙarfi nesa ba kusa ba fiye da mono, shi ya sa fitilar take ƙin kamawa. Leƙa baya. Na tabbata ko dai ba eriya sam, ko wata guntuwar waya ce a maƙale da tsatsa. Waɗannan manyan rediyoyin ba su da eriyar FM a ciki.

Samo waya biyu, kowace santimita 75, ka buɗe su hagu da dama kamar harafin T, ka haɗa su da kebul irin na talabijin zuwa inda aka rubuta 75Ω. Kankare tsatsar sukurorin tukuna. Rataye ta kusa da taga, nesa da rufin kwano, ka riƙa juyawa har sauti ya washe. Eriyar talabijin ta UHF ba za ta yi maka aikin kirki ba, tsawonta bai dace ba.

Ƙarar da kake ji in kana murɗawa ƙurar hunturu ce ta shekaru ta taru tsakanin siraran farantan kwandensar neman tasha. Zare filogi, ka bar shi ya jima, don manyan kwandensoji suna riƙe wuta bayan an kashe. Hura iska kawai. Kada ka fesa man cire tsatsa, kada ka lanƙwasa faranti ko ɗaya.

Gunjin AM kuwa, ina zargin inbata, kwan LED ko cajar waya mai araha. Kamo Nagarta a 747, ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai tona kansa. Juya baƙin sandan nan da ke bayan rediyon ma, shi ne eriyar AM.

Maganar "saitawa" ita ce ta fi tayar min da hankali. A ciki akwai ƙananan gwangwanaye masu abin murɗawa a ka, an daidaita su tun daga masana'anta, na FM a kan 10.7 MHz. Yaro ya ɗauki sukudireba ya bi su da kunne, an gama da rediyon ke nan, wani lokacin ma baƙin abin murɗawar da ke cikinsu ya farfashe, kuma ko ka zagaye kasuwar Panteka kaf da wuya ka samu madadinsa. In bayan duk wannan tasha tana zamewa idan rediyon ya yi zafi, to kwandensoji sun bushe ko dalma ta saki. Sannan ne za ka kai shi, amma ka fara tambayar mai gyaran ko yana da na'urar ba da siginar gwaji. In ya ce kunnensa ya isa, ɗauko kayanka.

Masu sayen na gwanjo kuma, ku duba fuskarsa kafin ku biya. In lambobin FM daga 76 zuwa 90 suka tsaya, na cikin gidan Japan ne, ba zai kamo 92.9 ba, kuma wutar 100V yake sha, tamu ta 230V za ta ƙone shi in ba a sa taransifoma ba.