Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Yawan Yaran da Ake Ci wa Zali?

Tambaya: Ni malama ce a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna. Iyaye suna ta kawo ƙara, amma da na ce duk wanda ake cin zalinsa ya ɗaga hannu, aji ya yi tsit. Yaya zan gano gaskiya?

Amsa: Malama, ina za su ɗaga hannu alhali mai zaluntarsu na zaune a bayansu? Takarda za ki raba, ba suna, kowa ya cika shi kaɗai, a jefa a akwati.

Amma inda aikin yake shi ne yadda aka yi tambayar. Dan Olweus na Jami'ar Bergen a Norway, wanda takardar tambayoyinsa ta bazu a duniya, ya kafa sharuɗɗa uku kafin a kira abu cin zali: cutarwa ce da gangan, ana maimaita ta, kuma an fi ƙarfin wanda ake yi wa. Don haka dambe tsakanin sa'o'i biyu ba ya ciki, haka ma tsokanar taubasai ko ta Fulani da Barebari, muddin kowa na ramawa yana dariya.

A wurinmu kuwa, kalmar "cin zali" kanta tana ɓoye abubuwa. Yaron da siniya ke sa shi wanki da ɗiban ruwa, yana ƙwace masa kuɗin tara, zai ce miki ba a cin zalinsa, ai al'adar makaranta ce, shi ma nasa lokacin na zuwa. Shi ya sa na fi son a tambayi aikin ɗaya bayan ɗaya: an doke ka? An laƙaba maka sunan da ba ka so saboda yarenka ko addininka? An ware ki, ƙawaye sun daina kula ki? An yaɗa hotonki a WhatsApp? Idan duka kawai kika tambaya, yawancin abin da ke damun 'yan mata zai wuce ki.

Sai ki ƙayyade lokaci. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a makarantu ya yi shekaru yana tambayar kwana 30 da suka wuce. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci binciken, shi kuwa Olweus daga sau biyu ko uku a wata yake fara ƙirga. Ki zaɓi ma'auni ɗaya, ki riƙe shi zangon karatu mai zuwa, in ba haka ba alkaluman ba za su kwatantu ba.

Kar ki manta da tambayar wuri. Sau da yawa za ki ji bayan aji ne, ko banɗaki, ko hanyar gida bayan an tashi.