Da gaske ɗan jarida zai iya ƙin faɗin majiyarsa a gaban alƙali?

Tambaya: Malam, ina yawan kallon finafinan siyasar Amurka, inda ɗan jarida yakan gwammace zaman kurkuku da ya tona wanda ya tsegunta masa labari. Haka abin yake, ko ƙarin gishiri ne na masu shirya fim?

Amsa: Ɗaurin gaskiya ne. A 2005 Judith Miller ta jaridar New York Times ta yi kwana 85 a tsare saboda ta ƙi ba da shaida kan majiyarta, a binciken waɗanda suka fallasa sunan jami'ar CIA, Valerie Plame. Ba ta fito ba sai da majiyar, Scooter Libby, babban jami'i a ofishin mataimakin shugaban ƙasa, ya ba ta izinin magana. Tun 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Branzburg, cewa 'yancin aikin jarida bai hana a tilasta wa ɗan jarida ba da shaida a binciken laifi ba. Jihohi da yawa sun yi dokokin kare majiya, amma a kotunan tarayya babu irin wannan doka.

Riƙon amanar ma ya faru. Fim ɗin All the President's Men na 1976 ya nuna ɗan jarida Bob Woodward yana ganawa da majiyarsa cikin dare a wurin ajiye motoci, lokacin badaƙalar Watergate da ta sa Shugaba Nixon murabus a 1974. Woodward da abokin aikinsa Carl Bernstein sun yi gum fiye da shekara 30, har 2005 da aka bayyana cewa majiyar Mark Felt ne, mutum na biyu a hukumar FBI.

Inda nake jayayya da finafinan nan shi ne wanda suke mayarwa jarumi. Kyamara tana bin ɗan jarida, alhali majiyar ce ke shan wahala. Shi yana da lauyoyin kamfani da abokan aiki masu yi masa kururuwa. Ita kuwa aikinta ne zai tafi, wani lokaci har da 'yancinta. Kuma a yau ba a ma buƙatar ɗan jarida ya buɗe baki. Dubi Reality Winner, wata ma'aikaciyar kamfanin da ke yi wa gwamnatin Amurka aiki: a 2017 ta aika wa kafar The Intercept takardar sirri ta hukumar leƙen asiri ta NSA kan kutsen Rasha a zaɓen Amurka na 2016. Da kafar ta nuna wa gwamnati kwafin don tantancewa, masu bincike suka ga alamar ninki, suka gane bugo ta aka yi a takarda, suka duba mutum nawa ne suka buga ta. Shida ne kawai, kuma Winner tana cikinsu. Aka yanke mata shekara 5 da wata 3.

Wannan ɓangaren ba ya daɗin kallo, shi ya sa ake tsallake shi. In kana son fim da ya tsaya a kan majiyar, nemi Official Secrets na 2019, labarin Katharine Gun ta hukumar leƙen asirin Birtaniya, GCHQ, wadda ta fallasa wata takarda gab da yaƙin Iraƙi a 2003, aka gurfanar da ita, sannan gwamnati ta janye ƙarar a 2004.